An Binne Ofis Tare da Baba Chishimba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Lubuto Kasonde, admin ɗin guruf ɗin Sashe na Biyar, nake sanar da rasuwar wayata, wadda aka fi sani da Ofis. Ta rasu ranar Larabar makon jiya da tsakar rana, tana da shekara shida a hannuna. Shekarunta a hannun wanda ya fara riƙe ta kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Da biro na rubuta wannan, na liƙa ɗaya a bangon famfon unguwa, ɗaya a ƙofar shagon Musonda mai aski. Kun san dalili. Yau kwana goma sha ɗaya guruf yana kulle, makullin kuma yana tare da marigayiya.

Kafin wani ya ce na karya dokata, ban karya ba. Doka ta uku ta ce ba a sanar da mutuwa sai iyali sun ji. Iyalin marigayiya mutum ɗaya ce, Maman Mwape, ƙanwar mahaifiyata. Ita ta riƙe ni, ita ta saya mini wayar ranar da na ci jarrabawar aji tara. Na faɗa mata tana tuƙa nshima, tuwon masararmu.

"Mama, Ofis ta rasu."

"To. Sai a rufe ma'aikata, a sallami ma'aikaci."

"Da gaske nake."

"Ni ma. Ai kai ka cire ni daga guruf, ranka ya daɗe. Wanda aka cire ba ya jin sanarwa. Miƙo murfin nan."

Na miƙa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki mutum ɗari biyu da arba'in da uku a cikinta, ba ta taɓa ƙorafi ba, sai dai ta yi zafi. Ta jima tana fama da jiki. Gilashinta ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, batirinta ya kumbura har sai da na ɗaure bayanta da roba, kuma ba ta karɓar caji sai an tokare cajar da dutse. Muryarta ma ta dushe. In saƙo ya shigo sai ta ce ƙyat, kamar ɗan tsako. In kira ne, ta fara waƙar coci, ta kai rabi, ta sake daga farko.

Tare da marigayiya muka rubuta dokokin nan bakwai. Kun tuna yadda guruf yake kafin nan. Hoton fure talatin na barka da safiya, tallan kaji, wa'azin minti tara, sanarwar zuwan ruwa kuma tana can ƙasa ba wanda ya gani sai famfo ya ɗauke. Muka ce ba zagi. Ba siyasa. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Talla sai Juma'a. Kun yi gunaguni, kun bi. Shekara uku ke nan da na gama sakandare, takarduna suna ƙarƙashin katifa. Guruf ɗin nan ne kaɗai wurin da in na ce a yi shiru ake yi. Maman Mwape ce ta sa wa wayar suna Ofis, don ta yi mini dariya. Sunan ya zauna.

Ba ciwonta ne ya kashe ta ba. Ga yadda aka yi.

Ranar Asabar da safe Baba Chishimba ya cika. Ɗansa Kangwa yana can ƙasa, cikin ramin haƙar jan ƙarfe, ba zai fito ba sai ƙarfe biyu. Kowa a nan ya san yadda ake yi. Dattijai biyu su je su tsaya a ƙofar ma'aikata, in ya fito su ce, "Jikin babanka ya yi tsanani, zo mu je gida." Ya san me hakan ke nufi. Amma zai taka da ƙafarsa, da mutum a kowane gefe, ya ji sauran a ɗakin uwarsa.

Ƙarfe goma Maman Mwape ta sa hoton Baba a guruf, da kyandir a ƙasansa. Ni ina layin ruwa, Ofis tana gida a kan dutsenta. Kafin in dawo in goge, mutum casa'in sun gani, rabinsu sun tura gaba. Kangwa ya fito daga rami, ya buɗe akwatin kayansa, ya kunna waya. An ce a ƙasa ya zauna, da hular aikin a kansa. Dattijan suna can ƙofa suna maimaita jimlarsu.

A lokacin mu biyu ne admin, ni da ita. Na sauke ta, sannan na cire ta.

"Don mutane su ji da wuri na yi," ta ce da ni, "su kawo itace da gari gidan makoki."

"Doka ta uku, Mama."

"Ni na wanke maka ɗuwawu, kake karanto mini lamba?"

Guruf ya rabu biyu. Zuwa Lahadi bayan coci an karya doka ta ɗaya sau sittin, na ƙirga. Sai na kulle shi, ya zama ba mai iya rubutu sai admin. Na rubuta cewa awa ashirin da huɗu ne, zan buɗe bayan jana'iza. Har yau wannan ne saƙo na ƙarshe a ciki. Ku daina nuna mini shi a hanya. Na san abin da na rubuta.

Ranar Litinin aka kai Baba maƙabarta. Samari muka riƙa karɓar shebur bi da bi, na karɓa wajen ƙarshe, kabarin ya kusa cika. Ofis tana aljihun rigata na ƙirji. Mawaƙan coci suna waƙa, ban ji komai ba. Sai da muka dawo gidan makoki, na sunkuya wanke hannu a bakin ƙofa, na ji aljihun ba nauyi.

Talata da rana na ari wayar Musonda na koma. Na tsuguna kusa da furannin, na kira lambata. Can ƙasa, siririya, ta fara waƙar cocin nan. Ta kai rabi, ta sake daga farko. Na kira sau huɗu. Laraba na sake komawa, wata mata ta ce mini lambar da na kira a kashe take. Shi ya sa na rubuta Laraba.

Na je wajen Kangwa. Ban so ba, amma na je.

"Ba ta yi nisa ba," na ce. "Tsawon hannu ne kawai."

Ya dube ni ya daɗe. "Ka tona kabarin ubana saboda guruf?"

Sannan ya ƙara da cewa:

"Bar ta, Lubuto. Baba dama yana son labarin unguwa. Shi kuma ba ya tura wa kowa."

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da dutsen da ake tokare cajar, da abin kunne wanda ɓari ɗaya ne ke aiki. Ta bar mutum ɗari biyu da arba'in da biyu da bakinsu a ɗinke. Ta kuma bar 'ya'yan da ba da saninta aka haifa ba, guruf uku: Sashe na Biyar Sabo, da Sashe na Biyar na Asali, da na Maman Mwape, wanda ba doka ko ɗaya a cikinsa. Ranar Lahadi guruf ɗaya ya ce ruwa zai zo ƙarfe shida, ɗaya ya ce goma. Ya zo takwas, ya yi minti arba'in, ya tafi. Musonda ya ce a na Mama har sun kashe mutum ɗaya, washegari ya sauko daga motar Ndola da kaza a hannu.

Ba na iya zama wuri ɗaya. Ina zagaya Sashe na Biyar sau uku a yini, hannuna yana zuwa aljihu da kansa. Jiya kujera ta yi ƙara a shagon aski, na zabura.

Na je shagon kamfanin waya don a sake mini layin, tunda duk wayar da layin ya shiga, guruf zai buɗu a cikinta. Matar da ke wurin ta buga lambar, ta ce ba sunana ba ne. Gaskiyarta. Shekarata goma sha biyar da aka saye shi, ba ni da katin ɗan ƙasa, da na Maman Mwape aka yi rajista. Sai mai layi ta zo da kanta, da katinta, kuma a hannunta za a sa sabon. Wanda ke riƙe da layin nan shi ne admin. Shi kaɗai.

Wannan ban faɗa mata ba. Musonda ya faɗa wa wani yana yi masa aski, shi ke nan.

"An ce Ofis ɗin ma da sunana take," ta ce, tana zuba mini miya.

"Layin ne kawai."

"Ka goge doka ta ukun nan, in raka ka."

"Ki je wajen Kangwa, in mayar da ke."

"Na kai musu buhun gari. Kwana uku na yi a ƙasa a gidan makokin nan, bayana har yau bai miƙe ba."

"Ba shi na ce ba, Mama."

Ta rufe tukunya da ƙarfi. Amma na lura tun ranar nan, in za ta kasuwa, ta bayan coci take zagayawa. Hanya mai nisa ce. Gajeruwar ta ƙofar su Kangwa ta bi.

Game da jana'iza. An riga an yi ta, da fasto da mawaƙa da furanni, fiye da yadda zan iya yi mata. Tana kwance tare da mutumin kirki. Allah ya jiƙansu duka biyu.

Ana karɓar gaisuwa a bencin Musonda, daga safe zuwa yamma. Kowa minti ɗaya. Ba a kawo itace, ba a kawo gari, ba a tambayar yaushe za a buɗe guruf.

Taron ƙarshe jibi Asabar ne, ƙarfe goma na safe, a shagon kamfanin waya da ke gefen tasha. Zan tsaya a bakin ƙofa da farar riga marar aljihu. Doka ta uku tana nan yadda take. Ban gayyaci kowa ba sai mutum ɗaya, ita ma ba ta ce za ta zo ba. Amma yau da safe na ga katinta ya fito daga cikin Littafi Mai Tsarki inda take ajiye shi, yana kan tebur, an danne shi da gwangwanin gishiri.

In ta zo, aka sa mata layin a tafin hannu, ni ina tsaye a gefenta ba waya, za ta miƙo?