Yadda Birnin Gwari Ta Amfana da Binciken Dakta Abdulkahar

Allah ya yi wa Birnin Gwari baiwa da Dakta Abdulkahar, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma idan ka manta da haka shi da kansa zai tuna maka. Ilimi ya cika shi har wuya, shi ya sa yake tafiya a hankali kada ya zube. Ya yi rubuce-rubucen bincike a kan ciwon kan manoma, da farfaɗiya a rugagen makiyaya, da rawar hannun masu saran itace a dajin Dogon Dawa. Dajin dai bai taɓa shiga ba, don hanyar ba ta da tabbas. Ta tagar ofis yake fuskantar wajen, ya gyaɗa kai, ya rubuta.

Masana na ambaton aikinsa babu ƙaƙƙautawa. Gaskiya ne duk masanan sunansu Abdulkahar, domin kowace takarda tasa sai ta jinjina wa wadda ta gabace ta, amma ai ambato ambato ne. Ma'aikatan jinya ma sun daina kiran sunansa, sai dai su ce Kamar-Yadda-Na-Rubuta ya iso.

Abu guda ya tsaya masa a rai, kujerar farfesa. Jami'ar da yake nema ta ce rubutu kam ta gani, saura ta ga amfaninsa ga jama'a, kuma za ta turo Farfesa Martha ta duba da idonta. Idan ba ta gamsu ba, kujera ta wuce.

Dakta ya yi murna har da taka rawa a ofis. Ya sa aka buga takardunsa dami-dami. Daga ranar, duk majinyacin da ya shigo riƙe da kai, kafin ya gama sallama an damƙa masa shafukan Turanci masu zanen ƙwaƙwalwa.

"Ƙwaya kowa na bayarwa, har mai kemis," in ji Dakta. "Ni ilimi nake bayarwa. Abin da ke hannunka Turawa ma nemansa suke. Na gaba!"

Mutane suka riƙa karɓa da hannu biyu. Sun san idan mai ilimi ya ba maras lafiya rubutu, ba don ado ya ba shi ba.

Ranar da Farfesa Martha ta zo, an kafa rumfa a harabar asibiti. Dakta ya sha babbar riga, ya rataya abin sauraron ƙirji a kanta don kada a ɗauke shi ɗan siyasa. Ya yi jawabi har inuwa ta juya, sannan ya ce, "Kada ki ji daga bakina. Ga jama'a nan."

Benjamin, wani manomi daga Damari, ya miƙe. "Ranki ya daɗe, kullum takardar likita tana tare da ni." Dakta ya lumshe ido don daɗi. Benjamin ya cire hula, ga takarda a ninke ta sha gumi. "Tunda maganar kai ce, na ga nan ya fi kusa."

Huraira mai koko ta ce ita hayaƙi take yi wa mijinta da tata, shafi ɗaya bayan magariba, kuma ta roƙi ƙari don sun kusa kaiwa bango. Farfesa Martha ta dubi Dakta. Dakta ya dubi rufin rumfa.

Sai dattijo Jumare, makiyayi, ya dogara sanda ya tashi. "Ni jiƙawa na yi. Ta kwana a ƙwarya, baƙi ko ɗaya bai motsa ba. Ƙarshe na dama ta da nono na shanye."

"Ciwon kan fa, Baba?" in ji Farfesa Martha.

"Yana nan, 'yata, ya ma samu abokin zama a ciki." Ya juya wajen Dakta cike da tausayi. "Likita, kada ka karaya, kai yaro ne tukuna. Ka je wurin Malam Salmanu na unguwarmu ya koya maka haɗa tawada. Shi nasa rubutun ko bai warkar ba, yana wankuwa."