Ranar da na ɗaura wa Alhaji gwaggwaro

Ba zan taɓa mantawa da katin 'yan kasuwar nan ba, ko da su sun manta. (Ba su manta ba.)

Ni ban shiga aji ba. Na yi dako, na yi acaɓa har na karye, daga ƙarshe na samu wurin zama a wani shagon fotokwafi a Samaru. A nan ɗalibai suka koya min kwamfuta a tsaitsaye, har na iya rubuta mata ɗan umarni. Akwai wanda na rubuta na haɗa katin shaida: ta ɗauki suna, ta ɗauki hoto, ta manna, ta koma kan na gaba. Wannan zagayen shi ake ce wa lup. Yana aiki, sai dai tafiyar hawainiya.

Sai wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Sabon Gari ta ba ni aikin katinta. Ban taɓa samun aiki mai girmansa ba. Shugabansu, Alhaji Tanimu, ya ce in ya yi kyau zai haɗa ni da manyan 'yan kasuwar unguwar PZ.

Ina zaune ina gadin lup, Malama Ladi, wata mai karatun kwamfuta, ta shigo buga takardu. Ta leƙa.

"Oga, injin nan hannu huɗu gare shi, kai ɗaya kake mora. Raba musu lup ɗin mana, kowane hannu ya ja nasa layin a lokaci guda."

Ta nuna min yadda ake yi. Ta fara cewa, "Amma ka kula da..."

Na ce, "Na gane." (Ban gane ba. Kwastomomi ne ke kallona.)

Na danna. Kafin in gyara zama aiki ya ƙare. Na duba katunan sama-sama, na ga fuska na ga suna, na buga, na rufe da leda.

Ranar taro na sa sabuwar shadda. Ni da magana ba ta dame ni ba, ranar har jawabi na yi. Na ce zamani ya zo, mai hannu ɗaya ya koma gona.

Aka fara rabo. Can sai Mama Ngozi mai atamfa ta leƙa katin Alhaji, ta miƙe tana rangaɗa guɗa.

"Jama'a, ku gaishe ni! Na zama shugaba!"

Alhaji Tanimu ya yafito ni da yatsa. A katin hannunsa an rubuta Shugaba, ga sunansa ɓaro-ɓaro, a sama kuma Mama Ngozi ce da gwaggwaro, tana murmushi har kunne.

"Ɗan nan, wannan ni ne?"

"Sunan dai naka ne, Alhaji."

Da na yi shiru ya fi. Limamin kasuwa ya samu fuskar wani dattijon coci daga Basawa. Wani Danladi mai sayar da taya kuwa fuskarsa ta fito a katuna da yawa, har ana tambayarsa ko zai tsaya takara.

Na koma Samaru na nemo Malama Ladi. Sai da ta yi dariya har da hawaye kafin ta yi bayani. Ashe duk hannayen wuri ɗaya na bar musu na ajiye hoto. Wannan ya ajiye, kafin ya manna wancan ya ɗora nasa a kai. Kowa ya manna abin da ya tarar.

"Kowane hannu da kwanonsa, Oga. Abin da na so in faɗa maka ke nan."

Na gyara, na sake bugawa. Alhaji ya karɓa ya juya min baya. Maganar PZ kuwa ta bi ruwa. Mama Ngozi ta karɓe katin Alhaji na farkon ta ƙi maido da shi, ta liƙa shi a shagonta, kuma har yau 'yan layin atamfa Hajiya Tanimu suke ce wa bawan Allahn nan in ya ba da baya.

Abin da na koya kaɗan ne. Kwamfuta ba ta da kunya, mai ita ne ke ji. In aiki ya fito da gudu, zauna ka kalli fuskar kowa kafin ka ɗinka shadda.