Gemuna a Mashayar Titin Elm

Da na lura ƙanena Sani yana shiga wata mashaya a titin Elm duk Alhamis, ban tambaye shi komai ba. Ni da nake aikin gadi, wa zai koya mini bincike? Na bi sawunsa, waya a hannu.

Ashe laccar kimiyya ake yi, Sani na gefe da lemonsa. Mai laccar ta nemi mataimaki, ta nuna ni. Na dafa wani ƙwallon ƙarfe mai lantarki, gemuna ya miƙe tsaye. Sani ya ɗauki hoto, kwalabe jere a bayana, ya tura wa 'yan masallacinmu.

Har yau in na gaida limaminmu sai ya ce, "Malam, gemun ya kwanta?"