Aron Fuskar Kaka

"Lafiya lau muka kwana, sai dai gwiwa. Kai kuma yau wace iska ce ta kwaso ka?"

Da wannan Kaka ta tari jikanta, tun bai gama cire takalmi a bakin ƙofa ba. Tana zaune a kujerarta ta gefen taga, carbi a hannu, hantsi ya ɗaga. Saurayin ɗan babban ɗanta ne, yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, inda yake karatun kiɗa. Tun yana rarrafe take ce masa Maigida, shi kuma yana ce mata Amarya, kuma ba su taɓa haɗuwa suka rabu lafiya ba.

"Zuwa na yi in ga ko kin ƙara tsufa, Amarya. Ashe kin ƙara."

"Dole in tsufa. Miji ba cefane, ba sabulu, sai busa."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kaka ta lura. Ta lura kuma bai wuce kicin ya buɗe mata tukwane ba yadda ya saba, sai ya zauna a bakin gado, ya ɗora wani siririn baƙin akwati a cinya ya riƙe da hannu biyu. Farcensa duk ya cinye su. Ba ta tambaye shi ba, ta ci gaba da jan carbinta, don ta san in aka ƙyale shi zai kawo maganar da kansa.

Ya kuwa kawo. Ya ce akwai jarrabawar da ba a rubutawa, busawa ake yi. Ɗalibi ya shiga babban ɗaki shi kaɗai, ya tsaya gaban malamai uku da ke zaune bayan tebur, ba mai murmushi, kowa da biro a hannu, ya busa abin da ya koya daga farko har ƙarshe. Wancan karon ya fara da kyau, sai yatsansa ya zame. Ya sauke sarewarsa ya ce su yi haƙuri, ya koma farko. Ya sake zamewa, ya sake ba da haƙuri. Da ya yi na uku sai babban cikinsu ya rufe takardarsa ya ce ya isa haka. Yanzu sun ba shi dama ta ƙarshe a mako mai zuwa. In ya sake faɗuwa babu digiri, kuma babansa ya riga ya faɗa cewa ranar zai rufe akwatin nan ya zo shago ya kama awon fenti da ƙusoshi.

Kaka ta san ɗanta. Ba ya faɗin magana sau biyu, halin mahaifinsa ya ɗauko, Allah ya ji ƙansa.

Jikan ya ce malamin da ke koya masa ya gaya masa cewa yatsunsa ba su da laifi, idon mutane ne ke kayar da shi. Maganin kawai shi ne ya nemi wanda ya fi kowa iya rikita shi, ya tsaya gabansa ya yi ta busawa, kome aka yi masa kada ya tsaya.

"Shi ne na zauna na yi ta tunani, duk faɗin dangi wa ya fi kowa iya ɗaure fuska. Aron fuskarki na zo yi."

"Wato malaminku ya ce ka nemo dodo, kai kuma ka miƙo hanya sai gidana."

"Ban ma tsaya ko'ina ba."

"Allah ya shirye ka. Fuskar da kakanka ya yi ta zarya kafin a ba shi."

"Ai lokacin ba a ƙirƙiro tabarau ba."

Ta ɗaga carbin kamar za ta tsula masa, sannan ta sauke shi. Ita ba mai kiɗa ba ce. Rediyonta labarai da karatu kawai ya sani, kuma tun rasuwar maigidanta ba a ji wani sauti a ɗakin nan ba sai nasa da na fanka. Ta dubi farcen nan da aka cinye. Sai ta naɗe carbin ta ajiye a kan taga, ta ce ba za ta haɗa ambaton Allah da shirmensa ba, kuma da an kira azahar kasuwa ta tashi.

Nan da nan ya jawo ƙaramin teburinta ya sa mata a gaba. Ya ba ta biro da bayan wata tsohuwar kalanda, ya ce ta riƙa yin kamar tana rubutu. Ta ɗauko tabaranta ta ɗora a ƙarshen hanci, ta tambaye shi ko haka farfesoshin suke yi. Ya ce har ta fi su muni. Ya buɗe akwatin ya fito da sarewar, ta farin ƙarfe, gunduwa uku, ya harhaɗa ta a hankali yana murzawa. Ya kafa wani siririn ƙarfe mai ƙafa uku, ya jera takardunsa a kai, masu layi-layi da ɗige-ɗige kamar ƙuda ya bi ta kansu.

"Yanzu duk shekarun nan a kan bututun famfon nan ka ƙarar? Mai kiwo kara yake yanka ya huda ya busa, garke guda ya bi shi. Kai wa ke bin ka?"

"'Yan mata."

"Kurame ne?"

"Kishi ne ke damunki."

"In yi kishi a kan mai wuya kamar na zalɓe? Busa mu ji."

Ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna mata yadda ake yi wa malamai, ya ɗaga sarewar a gicciye, ya tattara leɓe. Sautin ya fito siriri, mai sanyi, ya fi yadda ta zata daɗi, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Ana cikin haka sai wani abu ya faɗo mata a rai wanda ya sa ta gyara zama. Bakinsa a cike yake. Tun da yaron nan ya iya magana ba ta taɓa faɗa masa ɗaya bai mayar mata da biyu ba, yau ga shi Allah ya kawo shi gabanta ba halin ramawa.

"Dubi bakin," ta ce a hankali, tana yin kamar tana rubutu. "Kamar mai hura shayi."

Dariya ta kubce masa a cikin sarewar, ta yi wani ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Ya sauke ta yana tari. Ya ce ai malamai ba sa magana. Ta ce to ya je ya ari fuskarsu.

Ya koma farko. Wannan karon ta yi shiru, ta zuba masa ido kawai ta saman tabarau. Ya yi nisa, har ta fara jin inda sautin ya dosa, sai kwatsam ya sauke sarewar, ya ce ta yi haƙuri.

"Haƙurin me?"

"Na yi kuskure."

"A ina?"

Ya nuna mata wani ɗigo a takarda, ya ce nan ya kamata ya hau sai ya sauka. Ta leƙa ta ga ɗigon bai bambanta da 'yan'uwansa ba. Ta ce ita dai ba ta ji komai ba, da bai tsaya ya kai ƙarar kansa ba da har yanzu tana zaton gwani ne. Ya ce malamai za su ji. Ta ce su ji mana, aikinsu ne, shi wa ya ɗauke shi aikin taya su?

Ya sake ɗagawa. Ya sake tsayawa, a wani wurin daban. Ya sake, ya kuma tsayawa, wannan karon ma tun bai yi nisa ba. Kaka ta gane abin da ke faruwa tun kafin ya faru: girarsa ta hagu za ta yi sama, gwiwar hannunsa ta faɗo, sai haƙurin ya biyo baya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can sai ya zauna a bakin gado, ya fara murza sarewar zai raba ta. Ya ce, ba da wasa ba, wataƙila Baba ne ke da gaskiya, wanda ya kasa gamawa gaban kakarsa ina zai gama gaban farfesa.

Abin ya taɓa ta. Ta ji kamar ta jawo kansa ta dafa yadda take yi yana ƙarami. Amma ta san in ta lallashe shi yanzu, hawaye zai yi ya rufe akwatin, shi ke nan.

"Madalla. Miƙo min wayata in gaya wa ubanka ya share maka benci. Dama ina son a shafe min bangon nan."

"Amarya, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Zan ce wa mutane mijina mai fenti ne, ya fi in ce mai ba da haƙuri ne. Tashi. Tun da ka ari fuskar nan sai ka yi aiki da ita, ba a mayar min da kaya haka."

Ta kafa masa sharaɗi. Ita za ta yi ta magana ba za ta tsaya ba, shi kuma zai yi ta busa ba zai tsaya ba, wanda ya fara yin shiru shi ne ya faɗi. Ya dube ta, ya share fuska da hannun riga. Ya ce in dai gasar surutu ce ai an zalunce shi tun ba a fara ba. Amma ya miƙe.

Yana sa sarewar a baki ta buɗe masa wuta. Ta fara da kunnuwansa, ta ce tun ranar da aka haife shi ungozoma ta tambaya ko nasa ne shi kaɗai. Ta tuna masa ranar da kaza ta kore shi ya shige ƙarƙashin gadon nan yana kiran sunanta. Ta lissafa katifunta da ya lalata yana yaro. Kafaɗarsa ta girgiza, sautin ya yi rawa, amma bai yanke ba. Ta yi tari na ƙarya. Ta ture kofin ƙarfe ya faɗi ƙasa yana ta juyi. Ta yi hamma mai ƙara, ta tambayi bango ko an kusa gamawa. Da ta ga duk bai ishe shi ba, ta dafa tebur ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta je ta kunna fanka ta juyo masa da ita. Takardun suka tashi, ɗaya ta shige bayan kujera, ɗaya ta manne a labule. Ya bi su da ido, ya zaro mata ido, ya ci gaba da busawa da ka, ba takarda.

Ta koma ta zauna, ta ɗauko zancen 'yan matan kurame. A nan ne ta ga girar hagu ta yi sama. Gwiwar hannun ta fara saukowa. Kaka ta ce "Ya Allah" a zuci, amma bakinta bai daina ba, sai ma ta ƙara murya ta ce ga shi nan, ga haƙurin nan tafe, a shimfiɗa masa tabarma. Gwiwar hannun ta tsaya a hanya. Ta koma sama. Sautin ya wuce wurin kamar mai tsallake kwata, ya ci gaba.

Daga nan busar ta sauya, ta yi ƙasa, ta riƙa tafiya a hankali da dogon numfashi. Ya rufe ido. Kaka ta buɗe baki za ta ce wani abu a kan wuyansa, sai ta ga jijiyar wuyan tana tashi tana kwanciya, ta ga yatsun nan masu cinyayyen farce suna hawa suna sauka kowanne ya san gidansa. Ta tuna yatsun nan ne ta taɓa riƙewa tana koya musu kama cokali. Ta manta abin da za ta faɗa. Ba ta san lokacin da ta ajiye biron ba.

Ya ja sautin ƙarshe har ya siranta ya ɓace. Ya sauke sarewar, ya rusuna. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka.

"Amarya, wa ya fara yin shiru?"

"Numfashi nake. Tsohuwa ba za ta yi numfashi ba?"

"Numfashin ne ya jiƙa miki tabarau?"

"Fankar nan ce, ƙura take kwasowa."

"Na yi kuskure har wuri biyu fa."

"Wa ya tambaye ka? Ka ga halin naka ko? Riƙe abinka, in farfesa yana so ya nema da kansa."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta yana haki, yana dariya, wannan karon ta gaske. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi takardar sakamako ya ga makinsa. Ta juya bayan kalandar ta miƙa masa. Babu komai a kai sai zanen wani mutum mai dogon wuya da manyan kunnuwa, da sanda a baki.

"Wannan ne makin?"

"Rabi ne. Sauran rabin sai ka dawo gobe da hantsi, akwai zagin da ban kai gare shi ba."

"Ki dai ce na kayar da ke."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuskar da aka ara, fuskar ta ƙi ɗauruwa. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi.

"Ka kayar da ni, Maigida. Tashi ka buɗe tukunyar, naman da ke ciki naka ne, kafin in dawo hayyacina."