Ranar Da Na Yi Wa Shuni Ta'aziyya

Wata biyu da shigata ƙungiyarmu ta raya sana'o'in gargajiya, na riga na ɗauki kaina masanin rini. Ai na karanta takardu. Don haka ranar da muka kai sababbin mambobi wata marina a cikin gari, ni na shige gaba.

Malam Ɗanlami, dattijon marinin wurin, ya tsoma farin yadi a ramin shuni, ya tsamo. Sai ga shi kore shar.

Na karɓa, na ɗaga sama, na ce, "Jama'a, ku duba. Shunin ma ya lalace. In ba mu tashi tsaye ba, sana'ar kakanninmu ta tafi ke nan."

Ina tsakiyar jawabi na lura ba fuskata ake kallo ba, hannuna ake kallo. Ashe yadin yana shan iska yana komawa shuɗi, kamar yadda shuni ya saba tun ba a haifi kakana ba.

Malam Ɗanlami ya ce, "Ci gaba, Alhaji. Ga shi yana jin magana."

Har yau ina leƙawa marinar. Da an tsamo yadi sai ka ji an ce, "A miƙa wa Alhaji ya yi masa nasiha."