Makarantar Farar Riga

"...Lafiya ƙalau, sai kewar mijin da ba ya zuwa gaida matarsa. Kai fa, angona, ya gajiyar zaman banza?"

"Babu gajiya, amarya. Shigo, amma ki bi a hankali, kada sandarki ta huda min buhun abincin kaji."

"Buhun da ya fi ka ƙiba? Allah ya kiyaye in taɓa shi."

Haka Kaka ta shigo shagon jikanta da hantsi, tana dogara sanda, tana baza ido kamar ita ce mai wurin. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai ɗinki. Akwai kanta, da 'yar firiji ta ajiye allurar rigakafi, da kwalaben magani a jere bisa katako, kowace takardarta na fuskantar ƙofa. Jikan ya buɗe shi ne bayan ya gama Kwalejin Kiwon Lafiyar Dabbobi, wadda ke titi ɗaya da Kwalejin Kimiyyar Lafiya, inda ake koyon jinyar mutane. Ɗaliban makarantun biyu duk farar riga suke sawa, kuma daga nan wahalarsa ta faro.

Tun da ya buɗe shagon, masu ciwon baya da masu hawan jini sun fi masu awaki zuwa. Yakan ba su haƙuri ya nuna musu hanyar asibiti, su tafi suna gunaguni. Na yau kam ya ƙi tafiya. Dattijo ne mai gyaran agogo, yana zaune a benci a bakin ƙofa tun safe, ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. Jikan ya ga yatsun da suka leƙo daga tsumman, launinsu bai yi masa ba ko kaɗan. Shi ya sa ya buga wa Kaka waya ya ce ta zo maza.

Ya tura mata kujera ya ce, "Wa ya turo min Baba mai agogo?"

"Allah ne ya turo shi."

"Ta hannun wa?"

"Ta hannun matarka mana. Wace mace ce za ta ga mijinta yana zaune yana korar ƙuda, ba ta fita ta nemo masa kasuwa ba?"

"Me kika ce masa na karanta?"

"Gaskiya na faɗa masa. Na ce ka gama Jami'ar Lafiya."

"Babu makaranta mai wannan suna."

"To, Kwalejin Asibiti."

"Ita ma babu ita."

"Makarantar farar riga dai, ta bayan gidan mai. Kai ka faye son dogon suna, kai ga ka guntu."

"Makarantun farar riga biyu ne a titin nan, amarya. Tawa mai koren ƙofa ce, waccan mai shuɗiya. Duk shekarun da na yi ina karatu ba ki taɓa dacewa da ƙofar ba. Abincin da kike kai min, maigadin waccan makarantar ne ya yi kumatu da shi."

"Bawan Allah mai ladabi! Har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Da na san haka za ka zama, da shi na aura."

"Ai har yanzu ba a makara ba. Zan raka ki, in ɗaukar miki akwati."

"Ka ga baƙin ciki a fili. So kake in tafi ka kawo yarinya? Ina nan daram, sai dai ka gaji."

Jikan ya yi dariya ba da son ransa ba. Ya daɗe da sanin cewa ba a cin Kaka a baki. Matar da ta raini 'ya'yanta da nasu 'ya'yan da keken ɗinki ɗaya, wadda in ta tsaya a bakin layi ta ce yau rana ba za ta yi zafi ba, sai ka ga mutane sun bar laima a gida. Ya leƙa waje. Mai agogo na nan, yana kaɗa ƙuda daga ƙafar.

"Mai aski ya ce kin ce masa Jami'ar Tiyata na yi."

"Ba ka yanka ba ka ɗinke? Ni da idona na ga ka ɗinke cikin tunkiya."

"Mai ɗinki kuma ta ce Babbar Makarantar Allura."

"Wannan ai ita ta ƙara 'babbar', ni ban ce ba. Amma ta yi daidai."

"Direban da ke kai ki kasuwa fa? Ya zo nan wai in duba masa haƙori, wai kin ce har ƙasar waje aka tura ni kwas."

"Ba a kai ku wata gona mai nisa ba, kuka yi wata guda? Ni duk inda ban san hanyarsa ba ƙasar waje ce."

"To hoton saniya da kaza da ke kan allon shagon, me kike ce musu?"

"Ado ne. Na ce tun kana yaro kake son nama."

Ya dafe kai. Ita kuwa ta gyara zama, ta ɗora hannuwa biyu a kan sanda, fuskarta fal jin daɗi kamar wadda aka karanto wa jerin kyawawan ayyukanta.

"Kai ba ka san gata ba," in ji ta. "Wasu kakanninsu ko sunan makarantarsu ba su sani ba. Kai taka kakar ta san sunaye har sun yi mata yawa."

"Kuma babu nawa a ciki."

"Naka ɗin ne ba shi da daɗin faɗa. Yana farawa da kyau, kamar za a je wani wuri, sai ya ƙare a garke."

Ya jawo wata kujera ya zauna kusa da ita, ya rage murya.

"Kaka."

Ta ɗago. Ba ya kiranta Kaka sai in wasa ya ƙare, ita ma ta san haka.

"Yatsun ƙafar Baba sun fara baƙi. Yana da ciwon suga, shi da kansa ya gaya min. In bai ga likitan mutane yau ba, ina tsoron ƙafar nan ba za ta kai ƙarshen wata a jikinsa ba."

"To ka gaya masa mana!"

"Na gaya masa tun safe. Na ce ni dabbobi na karanta, ba ni da ikon taɓa shi. Sai ya yi murmushi ya ce kin riga kin faɗa masa haka zan ce, wai kunya gare ni, wai ba na son a san girmana. Ya ce zai jira har kunyar ta sake ni."

Kaka ta dubi ƙofa, ta dubi firiji, ta dubi farar rigar da ke jikinsa.

"Na faɗi haka kuwa," ta ce a hankali.

"Tawa maganar ba ta kai taki nauyi a layin nan ba. In ba daga bakinki ya ji ba, ba zai tashi ba."

"Wato so kake in fita gaban mai aski da mai ɗinki in ce na yi ƙarya."

"Ki ce kin rikita sunan."

"Ni ban taɓa rikita komai ba. Kai ne na fari a gidanmu da ya sa farar riga. Ranar da na gan ka a cikinta ban iya cin abinci ba don murna. Mene ne laifi in na ƙara mata ɗan gishiri?"

"Babu laifi, amarya. Amma ga mutum can a benci yana jiran gishirin ya warkar masa da ƙafa."

Ta ja dogon numfashi, ta buga sanda a ƙasa.

"Faɗa min sunan. A hankali, ba irin karatun rediyo ba."

"Kwalejin Kiwon Lafiyar Dabbobi."

"Kwalejin Kiwon Lafiya..."

"Ƙarasa."

"Numfashina ne ya ƙare."

"Numfashin da kike kiran mai kayan miya da shi daga ƙarshen layi?"

"Wancan na ciniki ne, daban yake."

"Sake."

"Kwalejin Kiwon Dabbobin Lafiya."

"Masu lafiya ba sa zuwa wurina. Sake."

"Kai, wannan miji da naci! Da haka ka nace wa karatu da yanzu kai ne shugaban makarantar. Kwalejin... Kiwon... Lafiyar... Dabbobi. To, ka ji daɗi?"

"Kamar an ba ni mota."

"Matsa min."

Ta miƙe ba tare da ta karɓi hannun da ya miƙa mata ba. Jikan ya bi ta zuwa bakin ƙofa ya tsaya. Ya ɗauka za ta sunkuya ta yi wa dattijon raɗa a kunne, a rufa wa juna asiri. Bai san Kaka ba ke nan. Tsakiyar baranda ta tsaya, inda mai aski da wanda yake yi wa aski da mai ɗinki duk za su ji, ta ɗaga murya.

"Mai agogo!"

"Na'am, Yaya."

"Tashi. Ni ce na kawo ka nan, ni zan ɗauke ka. Wannan mijin nawa ba likitan mutane ba ne. Kwalejin Kiwon Lafiyar Dabbobi ya yi, ka ji ni da kyau, dabbobi. In kana da kofato ko fiffike, zauna ya duba ka. In ba ka da su, tashi mu tafi asibiti."

Almakashin mai aski ya tsaya. Mai ɗinki ta leƙo da zare a baki.

"Amma Yaya, ke kika ce kunya ce..."

"Na ce, yanzu kuma na janye. Bakina ne, ba aro na yi ba. Yaron nan gaskiya ya gaya maka tun safe, ni ce na sha gabansa. Ka ga wannan?" Ta nuna jikan da sanda. "Kasuwa ta zo masa har ƙofa, ya ƙi taɓawa don ba aikinsa ba ne. Da wani ne da tuni ya ɗura maka maganin tsutsar awaki ya ce ka dawo jibi. Ka gode wa Allah da ka faɗo hannun mai tsoronsa."

Jikan ya sunkuyar da kai. Bai taɓa jin ta yabe shi a gaban idonsa ba, sai dai ya ji a bakin mutane, shi ma da sunan makarantar da ba tasa ba.

Mai agogo ya dubi allon shagon, ya daɗe yana kallon saniyar, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ni dai na ce wannan ado ya yi yawa."

"Ka ce a ranka, ba ka ce da ni ba. Tashi."

Ta ɗaga sanda ta tsayar da tasi kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi. Jikan da mai aski suka tallafi dattijon suka sa shi a baya, suka miƙe masa ƙafar a kan kujera. Jikan ya ce zai rufe shago ya bi su.

"Zauna ka tsare buhunanka. Ni zan kai shi. Na san halinsa, in aka bar shi da direba a hanya zai ce a sauke shi a gida. Ni kuwa ba zan baro asibitin ba sai na ga likita ya kwance tsumman nan da hannunsa."

"Ki ce musu yana da ciwon suga, tun a ƙofa."

"Na ji, malam likitan kaji."

Ta shiga gaba ta ja ƙofa. Direban, wanda ya ji rabin zancen, ya leƙo ta taga yana duban allon.

"Mama, da gaske yana duba kaji? Na maiɗakina sun kwana biyu suna gyangyaɗi."

Kaka ta juyo gaba ɗaya, idonta ya kawo haske.

"Kaji? Ɗan nan, kaji ai karin kumallonsa ne. Raƙumi ka kawo masa, ko giwa in kana da ita. A Babbar Jami'ar Dabbobi ya yi karatu, shi ya zo na ɗaya!"

"Kwaleji ce, amarya!" jikan ya ɗaga murya daga baranda. "Kuma ban zo na ɗaya ba!"

Motar ta fara tafiya. Kaka ta leƙo da kai ta taga, tana dariya har ɗankwalinta na zamewa.

"Na ba ka dabbobin, angona. Bar min jami'ar!"