Gonar Da Na Rataya a Sunana

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon iri a Kore Mairuwa ba, ranar da kunya ta kusa mai da ni ɓarawo da furfurata.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoma (ba don ilimi ba, aji shida na yi a lakwal, wato boko, sauran ba su kai nan ba). Bara aka ce za a ba mu irin hatsi mai saurin nuna. Sai Madam Hadiza, ma'aikaciyar gona daga Tibiri, ta koya mini aiki da wata manhaja a waya. Jeri biyu ne a ciki, na manoma da na gonaki. Ka taɓa gona, ka zaɓo sunan mai ita daga jerin manoma, sai su haɗu. Wanda ba a haɗa shi da gona ba, ko tiya ɗaya ba zai samu ba.

Na shigar da kowa lafiya lau, har na zo kan gonar ɗana na fari. To, tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" nake cewa, kamar yadda ubana ya yi mini. Yatsana ya ƙi rubutawa. Na ce bari in rataya gonar a sunana, in Madam ta zo ta gyara. Na manta.

Ranar rabo ruwan shuka ya riga ya sauka, motar iri kuma za ta wuce Gesheme kafin azahar. Madam ta haska jerin a bangon wani aji, tana kira ana aunawa. Aka kira kowa, ban da ɗana. A gaban sunana kuwa, ga gonaki biyu, ga rabo biyu, ɓaro-ɓaro.

"Sakatare," in ji taubashina Gado, "ashe wayar taka haihuwa take yi?"

Ba wanda ya yi dariya. Ɗana ya miƙe. Magidanci ne mai ƴaƴa biyar, kuma tun da ya tafi cin rani ba da son raina ba, gaisuwa kawai ke tsakaninmu.

"Baba," ya ce a hankali, "har gonar ma ka karɓe?"

Direba yana ta oda a waje.

"Mai sauƙi ne, Baba," in ji Madam (ita baƙuwa ce, ba ta san abin da take nema ba). "Faɗi sunan mai gonar in rubuta."

Mutum uku suka buɗe baki za su cece ni. Gado ya ɗaga sandarsa. "Kowa shiru! Wanda ya ɗaure shi zai kwance."

Na faɗa, ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

Na faɗa da ƙarfi, har na bayan aji suka ji.

"Na'am, Baba," in ji ɗana.

Ba kiransa na yi ba, amma ya amsa. Shekara arba'in yana jira, ni ban sani ba. Madam ta haɗa sunan da gonar, aka auna masa irinsa. Da yamma ya zo ya taya ni shuka tawa.

Yanzu na san waya ba ta san alkunya ba: abin da ka rataya wa kanka, naka za ta ce. Sunan kuwa, kun ga ai har na gama ban rubuta muku shi ba. A yi mini a hankali, sau biyu kawai na taɓa gwadawa.